Gwarzon da Ya Buga Sau Ɗaya

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Duk wanda ya shigo gidan kallona sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Alƙali, ya Riyad?" Na ce lafiya lau har bakina ya gaji. Wasu tsaraba suke nema a fakaice, su kam na riga na sallame su da dabino. To ga labarin nan gaba ɗaya, kowa ya ji, a ƙyale ni haka.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu, ina da gidan kallon ƙwallo a Funtuwa, bayan tasha. Alƙalin da ake ce min ba na kotu ba ne. In musu ya kaure a kan wa ya ci ƙwallo a wane wasa, ni ake juyowa a kalla, abin da na faɗa kuma ya zauna, ko da ni kaina ban tabbata ba. Mutum ɗaya ne tak bai taɓa yarda da hukuncina ba, ƙanena Sadisu. Ni na riƙe shi bayan rasuwar mahaifinmu, a kafaɗata ya fara kallon ƙwallo, amma tun yana firamare in na ce fari sai ya ce baƙi. Akwai wani fanareti da aka ba unguwarmu a wasa da 'yan Bakori, na ce fanareti ne, ya ce ɗan wasanmu faɗuwar ganganci ya yi. Mun yi shekaru a kan wannan magana. Mu faro ta a hanya, mu shigo gida da ita, mu sa hannu a kwano ɗaya muna yi, sai Inna ta jefo mana mafici.

Da ya samu aikin safiyo, wato awon ƙasa, a Riyad, a kamfanin da ke haƙa hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin gari, da farko in ya kira waya musu muke yi har katinsa ya ƙare. A hankali kiran ya koma gaisuwa. Ya gida, ya Inna, ya kasuwa, sai anjima. Abin yana cina, ban gaya wa kowa ba. Da ya aiko min bizar ziyara, mutane suka ce zan je ganin ƙasar Larabawa. Ni dai ƙanena zan je dubawa, in ga ko yana nan yadda na san shi.

Inna ta haɗa min kaya kamar a Riyad ba a girki: kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, man shanu, kilishi, da daddawa a ƙunshe cikin leda uku. Na hau mota ta hanyar Malumfashi. Muna wuce Gwarzo taya ta fashe, direba ya buɗe but sai ga safaya ita ma a kwance. Ya dube mu ya ce, "Jama'a, haƙuri." Wata akori-kura mai ɗauke da buhunan barkono ce ta ƙarasa da ni Kano, na isa filin jirgi ina atishawa, idona jajir, har mai duba fasfo ya tambaye ni ko kukan rabuwa da iyali nake yi.

Jirginmu ya ya da zango a Adis Ababa. Sanyin wurin jiran ya shiga ƙashina, ga ni da 'yar shadda ba rigar ciki. Wata dattijuwa 'yar Haɗeja mai zuwa Jidda ta ga ina karkarwa ta ba ni aron mayafinta, na lulluɓa ban ji kunyar kowa ba. Ita kuma ladan da ta karɓa shi ne na saurari tarihin ciwon gwiwarta tun daga farkonsa.

A Riyad aka jera mu layi. Da na isa gaban jami'in, ya ce in ɗora yatsu a kan gilashi. Duk suka hau ban da babban yatsana na dama, wanda wayar janareto ta taɓa ƙona min. Ya ce, "Yalla, yalla," wai in yi sauri, na danna, ya ƙi. Sai da ya miƙo min wani mai na shafa sannan na'urar ta yarda ni mutum ne. Na wuce wajen masu binciken kaya, wani matashi ya kwance leda ta farko, ta biyu, yana buɗe ta uku ya ja da baya ya toshe hanci. Ya yi ta magana da Larabci yana nuna ni. Na ce miya ce, miya. Ya kira wani babba da shi, baƙi kamar ni. Mutumin ya sunkuya ya shaƙa, sai na ga fuskarsa ta saki. Ya ce da wata Hausa mai nauyi, "Daddawa. Kakata tana sawa. Wuce, Alhaji." Ban taɓa zuwa hajji ba, amma na karɓi sunan na yi gaba.

Ina fitowa na hango Sadisu. Ya yi ƙiba, ya yi haske, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya karɓi jakata. Na ce me ya sami ƙafar, ya ce ba komai, gurɗewa ce. A bakin mota wani gajeren mutum mai furfura da tabarau yana tsaye, yana ganina ya sunkuyar da kai har kusan gwiwa.

Sadisu ya ce, "Yaya, ga Yaya Bak."

Na tsaya cak. Na ce, "Ga wa?"

Ya yi min bayani a mota. Mutumin ɗan Koriya ne, injiniya, shi ne babba a sashensu. A ƙasarsu wai in namiji ya shaƙu da wanda ya girme shi, ba ya kiran sunansa haka kawai, sai ya ce masa yaya da harshensu. Bak ya ce Sadisu ya riƙa kiransa haka, shi kuma ya mayar da abin Hausa. Na ce al'ada mai kyau. A raina kuwa cewa nake, ni da na wanke masa kashi na goya shi, ashe sunan nan a wurin aiki ma ana rabawa.

Masaukinmu a Gubaira yake, tsohuwar unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi. Ɗakin Sadisu yana saman shagon masu walda, na'urar sanyaya ɗaki tana ruri kamar injin niƙa, amma in ka kashe ta sai ka ji kamar an rufe ka a tanda. Kicin ɗaya suke da wani Malam Issufu, ɗan Maraɗi, direban gidan wani Balarabe, mutum mai fara'a da son zance. Shi ya riƙa yawo da ni in Sadisu ya tafi aiki. Da safe mu sayo tamis, wata gurasa mai faɗin faifai, mu ci da wake da aka dama da man zaitun. Da rana kabsa, shinkafa da kaza, a shimfiɗa leda a ƙasa a zube kowa ya sa hannu. Wannan kam ta yi min, sai dai ba yaji, sai da na fito da na Inna.

Garin ba a tafiya da ƙasa. Ba majalisa a bakin titi, ba mai shayi da benci, ka wuce mutum ka yi masa sallama ya amsa bai dube ka ba. Ana kiran salla kuma ko kana tsakiyar ciniki za a ja ƙofa. Ranar farko ina riƙe da takalmi ƙafa ɗaya ina neman ragi, mai shagon ya zare shi daga hannuna ya ce, "Sala, sala," ya tura ni waje. Malam Issufu ya kai ni gaida mai gidan da suke haya. Aka kawo gahawa a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maɗaci. Na daure na shanye don kada a ce na raina, na miƙa kofin, aka sake cikawa. Na shanye, aka ƙara. Zuciyata ta fara bugawa kamar ganga. Sai da Issufu ya ga ina gumi ya raɗa min cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. Na ce, "Malam Issufu, Allah ya isa, tun ɗazu kana kallona!"

Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni Sadisu ne. Yaron nan ya mayar da ni baƙo. Ya kawo min ruwa da hannu biyu, ya goge min takalmi, kome na ce sai ya ce, "Haka ne, Yaya." Na zagi ƙungiyarsa tas, ya yi murmushi. Na ɗauko maganar fanaretin Bakori da gangan, na ce har gobe fanareti ne. Ya ce, "Haka ne, Yaya." Wallahi da ya mare ni da ya fi min sauƙi.

Ranar Juma'a na ga inda musun nasa ya koma. Bayan mun sauko daga masallaci Bak ya zo da ledar lemo, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa kamar ɗan gida. Aka ci abinci, Sadisu ya jawo kwamfutarsa, suka haɗa kai. Wani wasa ne wai shi besbol, 'yan Koriya da Amurkawa suna mutuwa a kansa. Mutum ya tsaya da sanda kamar taɓarya, wani ya wurgo masa ƙwallo mai tauri, in ya doka ya ruga ya taka wani wuri kafin a riga shi. Ba ma wasan suke kallo ba. Wani shafi ne a intanet da aka tara bugun kowane ɗan wasa tun zamanin kakanni. Akwai akwatuna a jere, ka cika abin da kake so: daga wace shekara zuwa wace, mai bugu da dama ko da hagu, a gida ko a waje. Ka latsa nema, sai sunaye su zubo, gwani a sama. Sadisu ya ce min ana auna mai bugu ne da sau nawa ya samu a cikin fitowarsa, wanda ya samu uku cikin goma babban gwani ne. Na ce a Funtuwa ɗan gaban da ya ɓarar da bakwai cikin goma ko ruwa ba za a ba shi ba. Ya ce, "Haka ne, Yaya," ya juya.

Ya juya ga Bak, sai ga Sadisun da na sani. Ido ya fito, jijiyar wuya ta tashi, yana buga cinya. Turanci da Larabcin titi suke cakuɗawa, wannan ya ce nasa gwanin ya fi, wancan ya ce a cire wasannin gida a gani. Su canza akwati ɗaya, sunaye su juye, ɗaya ya yi ihu ɗaya ya kama kai. Bak ya ce, "Halas!" wato magana ta ƙare. Sadisu ya ce ba halas ba, a sake. Ni ina gefe da ɓawon lemo a hannu kamar wanda ya zo jiran mota. Kishi nake ji, ba wani suna da zan sa masa.

Malam Issufu ne ya ƙarasa ni. Muna wanke kwanuka na ce wai me ya haɗa Sadisu da wannan tsohon haka. Ya ce, "Au, bai gaya maka ba?" Ashe ba gurɗewa ba ce. Ƙarfe ne ya faɗo masa a wurin aiki, ƙafar ta karye, ya daɗe kwance a asibiti. Ya hana kowa kiran gida don kada hankalin Inna ya tashi. Bak ne yake zuwa kullum in ya tashi aiki, da miyar ƙashi a kula, na saniya, wai har hoton shagon ya nuna wa Sadisu don ya tabbata halal ce. Shi ya kawo masa kwamfuta ya koya masa wannan bincike don ya rage zaman kaɗaici. Na ce Allah ya saka masa da alheri, kuma da gaske nake. Amma ban ji sanyi ba ko kaɗan. Ƙanena ya karye, wani ne ya riƙe masa kwano, ni ina Funtuwa ina raba gardamar kwana da ofsayid.

Sai na ƙudura a raina, tunda a wannan fili ake samun Sadisu, zan shiga filin in kayar da tsohon a gabansa. Na riga na lura da inda suke latsawa, Turancina na sakandare kuma bai mutu duka ba. Da Sadisu ya fita aiki sai in jawo kwamfutar. Ranar farko na latsa wani abu komai ya koma harshen da ban sani ba, na kashe ta na kunna ina salati. A hankali na gane hanya. Na buɗe shafin neman, na tarar da akwatunan cike da ragowar bincikensu. Na ce ni ba zan gina a kan na kowa ba, na bi su ɗaya bayan ɗaya na goge. Akwai wani ƙarami a ƙasa da lamba a ciki, ban tsaya karanta abin da aka rubuta a gefensa ba, shi ma na share. Na zaɓi duk shekaru, na ce a jero min daga wanda ya fi kowa samu.

Tabɗi! Sunayen da suka fito a sama ban taɓa jin su a bakin Bak ko Sadisu ba. Gwanayensu masu uku cikin goma ko ƙurarsu ba a gani. Na saman, a gaban sunansa an rubuta ɗaya, ɗigo, sifili uku. Na yi lissafi na sake yi: mutumin nan bai taɓa kuskure ba. Na tashi na zaga ɗakin ina dariya ni kaɗai. Sunansa ya ƙi faɗuwa a bakina, na raɗa masa Ba-Kuskure.

Juma'a ta zagayo. Na sa babbar riga. Na bari suka yi nisa, Malam Issufu yana gefe yana sakace, sannan na yi gyaran murya irin wadda nake yi a gidan kallo.

Na ce, "Sadisu, gaya wa yayan naka, duk shekarun nan wahalar banza yake yi. Miƙo nan."

Na karɓi kwamfutar, na goge akwatunan a gabansu, na latsa, na juya musu ita. Na ɗora yatsa a kan Ba-Kuskure na ce, "Ga sarkin masu bugu. A tambaye shi ko ya san shi."

Bak ya gyara tabarau ya matso. Ya duba, ya bi layin da yatsa zuwa gefe. Da ya yi dariya ma da na ji daɗi. Sai ya sunkuyar min da kai, ya yi magana a hankali kamar mai lallashin mara lafiya, yana nuna ɗan akwatin nan na ƙasa. Sadisu ya fassara, idonsa a ƙasa. Wai akwatin nan shi ne ake sa mafi ƙarancin fitowa, don kada wanda ya leƙo sau ɗaya ya hau kan waɗanda suka ƙare rayuwarsu a fili. Ba-Kuskure sau ɗaya tak ya taɓa riƙe sanda a babban wasa. Ya buga ya samu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Kunya ta rufe ni, na ji babbar rigar ta yi min nauyi. Na gane sarai, ko yaro ya gane. Malam Issufu ya cusa fuska a hula kafaɗunsa suna rawa. Na buɗe baki zan ce na yi kuskure, sai na ga Sadisu yana shirin cewa ba komai Yaya, da muryar nan tasa ta karɓar baƙi. Wani abu ya taso min.

Na ce, "To, ya kuskure?"

Ya ce, "Bai kuskure ba, Yaya, amma ai..."

"Shi ke nan. Naku sun kuskure, nawa bai kuskure ba."

"Sau ɗaya fa ya fito."

"Da ya fito sau dubu, dubu zai samu."

Na ga hancinsa ya buɗe. Ya ce, "Yaya, in gwani ne, mai horar da su mahaukaci ne da zai ajiye shi?"

Na ce, "Hassada aka yi masa. Ka san halin mutane."

Sai ya miƙe tsaye, ya manta da ƙafar, ya manta da Turanci da Larabci. "Haba! Haba Yaya! Wallahi ƙarya ne! Wace irin hassada? Kai dai ba ka canza ba, in ka kafe ko za a yanka ka ba ka sauka! Mutum ya buga sau ɗaya ka ce ya fi kowa? To in haka ne ni ma na fi kowa iya tuƙin jirgi, tunda ban taɓa faɗuwa da shi ba!" Ya buga cinya, ya nuna ni da yatsa, yatsa fa, ni yayansa. "Kuma fanaretin Bakori ba fanareti ba ne! Faɗuwa ya yi! Ina bayan raga, da idona na gani!"

Na miƙe ni ma na ce yaushe ka yi tsawon da za ka gani, kana kafaɗata a lokacin. Muka kaure. Masu walda na ƙasa suka kashe inji suna saurare. Bak ya rasa inda zai sa kansa, ya dubi Issufu ya ce da Larabci, "Fi mushkila?" wato ko akwai matsala. Issufu yana share hawayen dariya ya ce, "Mafi mushkila," wato babu. "'Yan'uwa ne." Na saci kallon tsohon, yana zaune da kwamfuta a cinya, ko kalma ɗaya ba ya ganewa. Allah ya yafe min, daɗin da na ji a lokacin ba ya faɗuwa.

Bak ne ya kai mu filin jirgi ranar da zan taho. Ya ba ni hular wasan nasu mai baki, na ba shi sauran kilishin. Na kama hannunsa na ce Sadisu ya gaya masa na gode da ƙafar. Maganar ta fito da ƙyar, amma ta fito. Ya sunkuya, ni ma na sunkuya, har muka kusa gwara kai. Kada ku ce na huce. Har yanzu in na tuna yau Juma'a yana can zaune a ɗakin ƙanena ana ce masa Yaya, sai na ji kishin nan ya motsa.

Amma kun ga wayar da ke shigo min duk Juma'a bayan la'asar, wadda nake fita waje ina ɗaga murya har kuna cewa da wa Alƙali yake faɗa? Sadisu ne. Ko gaisuwar kirki ba ya tsayawa yi yanzu. Kowane mako da sabuwar hujjar da ya tono a shafin nan, ya cika akwatuna ya karanto min, ni kuma in ce duk na ji, amma Ba-Kuskure bai kuskure ba. Makon jiya har kashe wayar ya yi don haushi, ya sake kira.

Na san gaskiyarsa ce. Tun a ɗakin nan na Gubaira na sani. Amma ranar da na yarda, me zai kira ya ce min?